Raba memori tsakanin direba da manhaja a Linux: `mmap` ɗina yana kawo shara

Bashir_Lantarki:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman taimakon waɗanda suka san cikin kanel ɗin Linux.

Na'urar ita ce Raspberry Pi 4, kanel 6.1 mai bit 64. An haɗa ta da ADC, wato na'urar da ke mayar da awon lantarki zuwa lambobi, ta hanyar layin sadarwa na SPI, yana ɗaukar awo sau 500,000 a daƙiƙa, kowane awo bayit 2, wato bayit miliyan ɗaya ke nan kowace daƙiƙa. Direban da na rubuta yana kwaso awon, manhajar da ke sama kuma tana karɓa da `read`, bayit 64 a kowane kira. Furosesa yana shan wahala, awo kuma yana zubewa. Shi ya sa nake so direba da manhaja su riƙa aiki a kan memori guda ta `mmap`, kiran da ke buɗe wa manhaja memori kai tsaye, a huta da kwafe-kwafe.

Ga yadda na tsara. Na ware wuri biyu da `kmalloc`: ƙarami mai bayit 1000 inda nake ajiye lambar da ke nuna inda direba ya tsaya da rubutu da inda manhaja ta tsaya da karatu, sai babba mai kilobayit 64 na awon kansa. A cikin `mmap` na direba ina samo adireshin ainihi da `virt_to_phys`, in miƙa wa `remap_pfn_range`.

Matsala uku nake gani. Ta farko, ƙaramin wurin wani lokaci yana fitowa daidai, wani lokaci kuma manhaja ta tarar da shara a farkonsa, lambobina suna can tsakiyar shafi. Ta biyu, jefi-jefi manhaja takan ga lambar direba ta matsa gaba, amma da ta karanta sai ta samu tsohon awo. Ta uku ita ce mafi muni: ina da `ioctl`, wato umarni daga manhaja zuwa direba, na tsayar da awo wanda ke yin `kfree`, bayan an kira shi da ɗan lokaci sai kanel ya faɗi a wurin da ba shi da alaƙa da direbana.

Mece ce hanyar da ta dace? Allah ya saka da alheri.

Malam_Habu:

Wa alaikumus salam, Malam Bashir. Kafin mu shiga `mmap`, dubi lissafinka. Bayit miliyan ɗaya a raba 64 ya ba da kira 15,625 a daƙiƙa. Kowane kira shiga kanel ne da fita, kuma idan babu abin karantawa sai manhaja ta kwanta a sake tashinta. Nan ne ƙarfin furosesa ke tafiya. Kwafar megabayit ɗaya a daƙiƙa da `copy_to_user` ba komai ba ce a wurin Cortex-A72, furosesan Pi 4. Mayar da kiran ya zama kilobayit 16 a lokaci guda, kiran zai sauko kusan 61 a daƙiƙa. Sa `strace -c` da `perf top` ka ga bambancin da idonka. A ganina, a wannan gudun, `read` mai ɗaukar da yawa tare da ma'ajiya mai faɗi a cikin direba ya isa, kuma ya fi sauƙin kiyayewa nesa ba kusa ba. Kilobayit 64 ɗinka ma ya yi kaɗan: a gudun da ka faɗa yana cika cikin milisakan 65, don haka duk ranar da manhaja ta yi jinkirin da ya wuce haka awo zai zube, ko da `mmap` ko babu.

Idan dai sai ka raba memorin, to ga dalilin matsalarka ta farko da ta uku.

Furosesa ba ya ba manhaja izini bayit-bayit, shafi-shafi yake bayarwa, kuma shafi a kanel ɗinka bayit 4096 ne. `kmalloc` na bayit 1000 yana yanko maka gurbi ne daga rukunin masu bayit 1024, huɗu a shafi guda. Gurbinka yana iya zama na farko, yana iya zama na uku. Da ka mayar da adireshin lambar shafi, sai gurbin ya ɓace, manhaja ta samu shafin tun daga farkonsa. Sharar da kake gani ba shara ba ce, kayan wasu sassan kanel ne da ke zaune a sauran gurabe ukun. Kamar ɗaki ne da mutum huɗu ke haya, kai ka ɗauki mabuɗi ka ba baƙo. Manhaja tana iya karanta kayansu, tana iya rubutu a kai. Kada a taɓa miƙa wa manhaja memorin da ba cikakken shafi naka kai kaɗai ba.

Ta ukun kuma, `remap_pfn_range` lambar shafi kawai yake rubutawa a teburin shafukan manhaja. Ba ya ƙara ƙidayar masu riƙe da shafin. Da ka yi `kfree`, kanel ya ɗauka wurin ya zama fanko, ya ba wani. Manhajarka kuwa ƙofarta tana nan a buɗe, ta ci gaba da rubuta lambarta a kan kayan wani. Shi ya sa faɗuwar take zuwa daga baya, a wani wuri daban.

Gyaran, muddin furosesa ne ke zuba awon a ma'ajiyar, shi ne `vmalloc_user` wajen warewa da `remap_vmalloc_range` a cikin `mmap`. Na farkon yana ba ka cikakkun shafuka, a share da sifili, da alamar cewa an yarda a nuna wa manhaja su. Ba ya buƙatar shafukan su jeru a cikin RAM, don haka megabayit ɗaya, shafi 256, ba zai gagara ba ko bayan na'ura ta daɗe a kunne memori ya daddatse. Na biyun yana saka shafukan ɗaya bayan ɗaya da `vm_insert_page`, wanda shi yana ƙara ƙidayar masu riƙewa. Ko ka yi `vfree` da wuri, shafin ba zai koma hannun wani ba sai manhaja ta sake shi. Yana kuma duba cewa girman da manhaja ta nema bai zarce abin da ka ware ba, abin da `remap_pfn_range` ba ya yi maka sam. Mai amfani da shi dole ya duba `vm_end - vm_start` da `vm_pgoff` da kansa, in ba haka ba manhaja ta nemi megabayit 100 ta samu RAM ɗin da ke bayan ma'ajiyarka.

Duk da haka kada ka dogara da ƙidayar. Cire sakin memori daga `ioctl` ɗin tsayawa gabaɗaya, ya tsaya a kan tsayar da awo. Mayar da sakin cikin `release`. Akwai abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba: ko manhaja ta yi `close`, `release` ba ya gudana matuƙar akwai sauran `mmap` a raye, domin yankin da aka buɗe yana riƙe da fayil ɗin. Sai an yi `munmap` na ƙarshe ko manhajar ta mutu. Wannan riƙon, tare da `owner = THIS_MODULE`, shi ne kuma ke hana `rmmod` cire direba a ƙarƙashin manhaja.

Abu na ƙarshe daga gare ni: idan `vm_flags` ba shi da `VM_SHARED`, mayar da `-EINVAL`. Wanda ya buɗe da `MAP_PRIVATE`, rubutunsa na farko zai sa kanel ya kwafa masa shafin nasa shi kaɗai. Daga nan shi yana matsa lambarsa, direba bai gani ba, kowa na jiran kowa, kuma babu wani saƙon kuskure da zai fito.

Injiniya_Rakiya:

Malam Habu ya yi bayani mai kyau, kuma na yarda a fara gwada `read` mai faɗi. Sai dai matsala ta biyu ba a taɓa ta ba, kuma ita ce za ta bi ka ko wane irin memori ka ware.

Kai a rubuce ka ce: zuba awo, sannan matsa lamba. Amma babu wanda ya yi maka alkawarin cewa ɗaya ɓangaren zai ga abubuwan a wannan jerin. Gcc, mai fassara rubutunka zuwa harshen na'ura, yana da 'yancin sauya jerin rubutu biyu da yake ganin ba su shafi juna ba. Ko shi bai sauya ba, furosesan ARM yana iya bari rubutu na biyu ya isa ga wata ƙwaya, wato ɗaya daga ƙananan furosesocin da ke cikinsa, kafin na farko. Pi 4 ƙwaya huɗu gare shi, direba yana kan ɗaya, manhaja tana kan wata. A kwamfutar Intel ko AMD da wuya ka ga wannan, domin su suna kiyaye jerin rubuce-rubuce, shi ya sa direba kan yi lafiya a kwamfutar tebur ya zo ya lalace a kan ARM. Kalmar `volatile` ba ta magance shi, gcc kawai take ɗaurewa, ba ta taɓa furosesa.

Mu kira lambar direba kai, ta manhaja wutsiya. Wuri huɗu ake sa shinge, wato umarnin da ke hana sauya jerin, biyu a kowane ɓangare.

Direba ya karanta wutsiya da `smp_load_acquire`, ya ga wurin da ya rage, ya zuba awo, sannan ya rubuta sabon kai da `smp_store_release`. Manhaja ta karanta kai da `__atomic_load_n` tare da `__ATOMIC_ACQUIRE`, ta kwashe awon, sannan ta rubuta sabuwar wutsiya da `__atomic_store_n` tare da `__ATOMIC_RELEASE`. Na ƙarshen nan shi ake yawan mantawa. Idan babu shi, direba yana iya ganin wutsiya ta matsa ya zuba sabon awo a gurbin da manhaja ba ta gama karantawa ba. A cikin takardun kanel akwai `circular-buffers.rst` da ke bayanin wannan tsarin, kuma shi ne `perf` da `io_uring` ke bi.

Wajen lissafin lambobin kuma, girman zoben, wato ma'ajiyar awon da ake komawa farkonta idan an kai ƙarshe, ya zama ninkin biyu-biyu, misali 1,048,576. Kai da wutsiya su zama `__u32` da ke ta ƙaruwa ba a mayar da su sifili. Gurbin da za a taɓa shi ne `kai & (girma - 1)`, abin da ke jiran karatu kuma `kai - wutsiya`. Da wannan babu ruɗani tsakanin zobe cike da zobe fanko. Ka kula da nan sosai: a bayit miliyan ɗaya kowace daƙiƙa, lamba mai bit 32 tana cika ta zagayo bayan minti 71 da 'yan kai. Ragin zai ci gaba da ba da amsa daidai idan lambobin marasa alamar ragi ne. Amma wanda ya rubuta `kai > wutsiya` zai ga komai ya tsaya cak bayan awa ɗaya da 'yan mintuna, wanda ya sa `int` kuma tun wajen minti 36 zai fara ganin abin mamaki. Don gwaji, fara lambobin biyu daga kusa da ƙarshe, misali 0xFFFF0000, ka ga zagayowar tun a daƙiƙar farko.

Kada kai da wutsiya su zauna kusa da juna. Kash, wato ƙaramin memori mai sauri da ke jikin furosesa, layinsa a Cortex-A72 bayit 64 ne. Idan suna layi guda, duk rubutun ƙwaya ɗaya yana ƙwace layin daga ɗayar, su yi ta jansa tsakaninsu. Raba su da aƙalla bayit 64.

Sai maganar jira. Raba memori bai ba manhaja hanyar sanin cewa sabon awo ya zo ba. Idan ta zauna tana ta leƙa kai, ƙwaya guda ta ƙone a banza, ka koma inda ka fito. Sa `poll` a direba: ya kira `poll_wait` tukuna, sannan ya duba ko akwai abin karantawa, ya mayar da `EPOLLIN`. Jerin nan wajibi ne, idan ka duba kafin ka shiga layin jira, awo yana iya shigowa a tsakani, manhaja ta yi barci ba mai tashinta. Kuma kada direba ya riƙa `wake_up_interruptible` a kan kowane ɗan awo. Sa iyaka, misali sai kilobayit 16 ya taru, wato kusan kowane milisakan 16.

Idan zobe ya cika fa? Yanke shawara tun yanzu, kada ka bar wa sa'a. Mafi sauƙi shi ne direba ya zubar da sabon awon, ya ƙara wata lamba mai ƙirga abin da aka zubar a shafin kula, wato shafin da kai da wutsiya suke. Ga mai auna wuta, sanin cewa an rasa awo a wuri kaza ya fi samun zane mai kyau wanda ƙarya ne.

Bashir_Lantarki:

Na gode ƙwarai, Malam Habu da Injiniya, Allah ya ƙara ilimi. Na koma `vmalloc_user`, na sa shingayen guda huɗu, shara ta ɓace, tsohon awo ma bai sake fitowa ba. Tambaya biyu suka rage. Shin akwai laifi in haɗa kai da wutsiya da awon a yanki guda da manhaja ke iya rubutu a ko'ina, tunda ni na rubuta manhajar? Sannan idan na so DMA, injin da ke kwasar bayanai ba tare da furosesa ba, ya riƙa zuba awon kai tsaye cikin zoben, memorin nan zai yi?

Malam_Habu:

Akwai laifi, Malam Bashir. Cewa kai ka rubuta manhajar ba hujja ba ce. Duk wanda ya iya buɗe fayil ɗin na'urar a `/dev` ya zama manhajar, kuma ko taka ce, kuskure guda a cikinta yana iya fantsama rubutu a kan shafin kula. Ƙa'idar ita ce duk bayit ɗin da manhaja ke iya rubutawa, kanel ya ɗauke shi kamar daga bakin abokin gaba ya fito, kuma yana iya canjawa a kowane lokaci, har a tsakanin layi biyu na direbanka.

Misali: direba ya duba wutsiya ya ga tana cikin iyaka, layi uku a ƙasa ya sake karanta ta daga shafin don lissafin inda zai rubuta. A tsakanin nan wata ƙwaya ta canja ta. Abin da aka tantance daban, abin da aka yi aiki da shi daban. Irin wannan karatu sau biyu ya jawo ramukan tsaro da dama a kanel. Karanta sau ɗaya tak cikin lambar gida ta direba, da `READ_ONCE` ko `smp_load_acquire`, ka tantance ta, ka yi aiki da ita kaɗai. Idan `kai - wutsiya` ya fi girman zobe, manhaja ta yi ɓarna: tsayar da awo, `poll` ya mayar da `EPOLLERR`.

Shi kuma kai ɗin zoben, ainihinsa ya zauna a memorin direba inda manhaja ba ta kaiwa. Wanda ke shafin kula sanarwa ce kawai, direba yana rubuta shi, ba ya karanta shi. Haka girman zobe.

Mafi kyau ma a hana rubutun tun daga teburin shafuka. Dubi yadda zoben BPF, wanda ya shigo a kanel 5.8 a shekarar 2020, ya yi: shafin farko na lambar mai karatu ne, shi kaɗai ake yarda a buɗe da izinin rubutu. Shafi na biyu na lambar kanel, da duk shafukan bayanai, karatu kawai. Yi haka da `mmap` biyu, ka bambanta su da `vm_pgoff`. A na karatu kawai, ƙin `VM_WRITE` bai isa ba, sai ka goge `VM_MAYWRITE`, in ba haka ba manhaja ta buɗe da karatu sannan ta ɗaga izinin da `mprotect`. A 6.1 kana taɓa `vm_flags` kai tsaye, amma daga 6.3 an rufe wannan, sai ta `vm_flags_set` da `vm_flags_clear`.

Tsarin shafin kula yarjejeniya ce da za ta daɗe, don haka a rubuta ta da kyau. A yi amfani da `__u32` da `__u64` kawai. Ban da `long`, ban da adireshi. A Pi 4 abu ne da aka saba a samu kanel mai bit 64 da manhajoji masu bit 32 a kansa, kuma `long` bayit 8 ne a wurin ɗaya, 4 a wurin ɗayan, sai duk abin da ke bayansa ya goce. Adireshin kanel ba shi da amfani ga manhaja, fallasa shi kuma taimako ne ga mai kai hari. Inda kake son nuna wuri, ba da nisansa daga farkon zobe. Sa lambar siga a bayit huɗun farko. Kuma kada 4096 ta shiga manhajarka a rubuce: kanel ɗin da Raspberry Pi 5 ke tashi da shi shafinsa kilobayit 16 ne. Tambayi `sysconf` da `_SC_PAGESIZE`, ko direba ya faɗa wa manhaja nisan kowane yanki ta `ioctl`, kamar yadda `io_uring` ke faɗa ta kiran `io_uring_setup` tun shigowarsa a 5.1 a 2019.

Idan ka ƙara `vm_operations_struct` don ƙirga masu buɗewa, ka sani `open` ɗinsa ba ya gudana a `mmap` na farko, kai za ka ƙirga wannan da hannu. Yana gudana ne a `fork`, da kuma lokacin da aka yi `munmap` na tsakiyar yanki ya rabe biyu. `close` kuwa yana gudana ga kowane yanki. Wanda bai san haka ba ƙidayarsa takan faɗa ƙasa da sifili. Masu karatu biyu a kan wutsiya guda kuma ba zai yi ba, don haka sa `VM_DONTCOPY` yadda ɗan da `fork` ya haifa ba zai gaji zoben ba.

Ɗan_Damagaram:

Salamu alaikum. Bari in ɗauki tambayar DMA, domin nan dokokin sun sauya.

Injin DMA bai san adireshin da `vmalloc` ya ba ka ba. Shafukan a warwatse suke cikin RAM, furosesa ne kawai ke ganinsu a jere ta teburinsa. Miƙa irin wannan adireshin ga `dma_map_single` kuskure ne, haka `virt_to_phys` a kansa. Sashen SPI na kanel ya iya karɓar ma'ajiyar `vmalloc`, ya warware ta shafi-shafi ya yi jeri, don haka idan ta `spi_sync` ko `spi_async` kake bi, zai yi aiki. Sai dai kowane zuwa sai an share kash, kuma sharewar layi-layi take yi. Gurbin da DMA ke zubawa ya fara kuma ya ƙare a kan iyakar bayit 64, kuma kada kai ya matsa sai aikin ya kammala an dawo maka da ma'ajiyar.

Idan kai ne ke tuƙa injin DMA ɗin da kanka, hanyar ita ce `dma_alloc_coherent` wajen warewa da `dma_mmap_coherent` a cikin `mmap`. Su biyun tare suke tafiya. Kada ka ware da na farkon ka buɗe da `remap_pfn_range`. Dalili: a Pi 4 injin DMA ba ya leƙa kash ɗin furosesa, don haka kanel yana buɗe wannan memorin ba tare da kash ba. Idan ka buɗe wa manhaja shi da kash, wuri guda ya samu halaye biyu, ARM kuma bai lamunci sakamakon haka ba. Manhaja za ta riƙa karanta tsohon abu daga kash alhali DMA ya riga ya zuba sabo a RAM, kuma babu shingen da zai gyara wannan.

Akwai kuma farashi. Karatu daga memori marar kash yana da nauyi, kowane taɓawa sai an je RAM. Manhajar da ke bin awo bayit biyu-biyu a cikinsa, tana komawa kan awo guda sau da yawa wajen lissafi, tana iya fin mai `read` jinkiri. Abin da ake yi shi ne a kwashe babban yanki zuwa memorin manhaja sannan a yi lissafi a can, wato kwafar da aka gudu ta dawo. Shi ya sa nake goyon bayan maganar Malam Habu ta farko. Kai da wutsiya kuma su zauna a shafin memori na yau da kullum mai kash, ba a cikin na DMA ba.

Girma ma yana da iyaka. Wannan memorin sai shafuka a jere, kuma mai rabon shafuka na kanel ba ya wuce megabayit 4 a yanka guda idan shafi 4096 ne. Abin da ya fi haka daga CMA yake fitowa, wanda ake ware masa wuri tun tashin na'ura. Tsofaffin injinan DMA na Pi 4 kuma gigabayit ɗaya na farko kawai suke kaiwa. Idan ka miƙa wa `dma_alloc_coherent` na'urar da ta dace, wato ta injin DMA ɗin, shi zai kula da wannan.

Akwai hanya ta baya-baya, manhaja ta ware memorinta ta ba direba. Nan `pin_user_pages` ake kira, wanda ya shigo a 5.6, tare da `FOLL_LONGTERM` idan riƙon zai daɗe, a saki da `unpin_user_pages_dirty_lock`. Ba a ajiye adireshin manhaja a zo ana rubutu ta cikinsa daga baya, domin lokacin da awo ya iso wata manhajar ce daban ke iya kasancewa a kan ƙwayar, adireshin kuma yana nufin wani wuri a wurinta. Ga aikinka ban ga amfanin wannan hanyar ba.

Tunda ADC ne, duba sashen IIO na kanel kafin ka ci gaba. An gina shi ne domin irin waɗannan na'urori, yana da ma'ajiya, da iyakar tashin manhaja da ake saitawa a fayil ɗin `watermark`, da fayil irin `/dev/iio:device0`. Wataƙila ma ADC ɗinka yana da direba a can.

Injiniya_Rakiya:

Ko wace hanya ka bi, Malam Bashir, kada ka ce ya yi sai ka gwada shi da mugunta. Sa direba ya riƙa zuba lamba mai ƙaruwa ɗaya-ɗaya a maimakon awo, manhaja ta duba ko an tsallake ko an maimaita, ka bar shi ya wuce awa biyu tare da `stress-ng` a kan ƙwayoyin huɗu. Ɗaure manhajar a ƙwaya daban da ta direba da `taskset`, domin idan suna ƙwaya guda rashin shinge ba ya nuna kansa. Kashe ta da `kill -9` ana tsakiyar awo. Yi `close` ka ci gaba da karatu ta `mmap`. Nemi girman da ya wuce kima, da `vm_pgoff` na banza, da `MAP_PRIVATE`, da `mprotect` a kan shafukan karatu, duk a ƙi ka. Rubuta wata ƙaramar manhaja da ke ta watsa lambobin banza a kan wutsiya. Yi duk wannan a kan kanel da aka gina da KASAN, wanda ke kama direba a daidai layin da ya taɓa memorin da aka saki, ba sai kanel ya faɗi daga baya ba. A `/proc/PID/maps` kuma za ka ga yankunan biyu: na wutsiya `rw-s`, na awo `r--s`. Idan ka ga `p` a ƙarshe maimakon `s`, binciken `VM_SHARED` ɗinka bai yi aiki ba.